Zauren Inna: Dambuwa, Arkilla ko More, ina zan kai iyalina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna, ya zafi? Ni ma'aikacin gwamnati ne, ofishinmu yana sakatariyar Usman Faruk a nan Sakkwato. Shekara bakwai ke nan da aurena. Allah ya ba mu yara biyu, babbar tana aji ɗaya na firamare, ƙaramin bai cika shekara biyu ba, kuma maiɗakina tana da juna biyu. Tun da munka yi aure muna gidanmu na gado a Ƙofar Rini, ciki da falo. Yanzu ƙanena zai yi aure, wuri ya yi mana kaɗan. Na ɗan tara abin da na tara. Wani dillali ya nuna mini fuloti a bayan Dambuwa, kuɗina za su saye shi har in fara gini. Abokin aikina ya ce in kama haya a Arkilla. Kawuna kuma yana da fili wajen More, ya ce in gina in zauna kyauta. Babur gare ni, kuma na gwada duka ukun, babu wanda zai hana ni isa ofis kafin ƙarfe takwas. Maiɗakina tana karatu a Farfaru, saura mata shekara ɗaya. Na tambaye ta, ta ce duk inda na zaɓa ya yi. Inna, wanne ya fi?

Mai karatunki daga Ƙofar Rini

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Zafi alhamdu lillahi, lokacinsa ne. Allah ya raya yara, ya sauki maiɗakinka lafiya, ya sa alheri a auren ƙanenka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka auna hanya daga wurare uku zuwa ofishinka, ka ga duka za su yi. Amma ban ga inda ka auna hanya daga wuraren nan zuwa Farfaru ba, ko zuwa makarantar 'yarka, ko zuwa asibitin da maiɗakinka ke awo. Ɗana, duk unguwar da ka zaɓa, kai kwana za ka riƙa yi a cikinta. Ka fita da safe, ka dawo bayan la'asar, wata rana sai isha'i. Masu zama a unguwar su ne matarka da yaranka. Su za su san ranar da mai kura bai zo da ruwa ba, su za su sha zafin azahar a ɗakin da babu wuta, su za su tsaya bakin titi suna jiran abin hawa. Saboda haka kada ka riƙe kalmar "duk inda ka zaɓa ya yi". Kunya ce da biyayya irin ta 'ya'yan gidan mutunci. Ka sake tambayarta a lokacin da babu kowa, ka ce mata me take tsoro a kowane wuri. Za ka ji abin da dillali bai gaya maka ba.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan wannan, ni ma an taɓa tambayata irin tambayar nan, na ba da irin amsar nan. Muna zaune a cikin gari, marigayi maigidana ya samu gida a Mabera, ya je ya gani da rani, ƙasa a bushe ƙayau, ɗakuna masu faɗi, haya da sauƙi. Muka tare. Watan Agusta na shekarar, wani dare aka yi ruwa tun bayan isha'i, kafin asuba ruwa ya shigo mana har ƙarƙashin gado. Na goya ɗaya, na saɓa ɗaya a kafaɗa, ina tsaye a kan tabarmar da ta riga ta jiƙe. Da gari ya waye sai na lura da abin da ya kamata mu gani tun ranar farko: duk gidajen layin an ɗaga dokin ƙofarsu ya kai gwiwa, kuma a jikin kowace katanga akwai zane mai duhu inda ruwan bara ya tsaya. Gidajen suna faɗa mana gaskiya tun farko, mu ne ba mu san abin da za mu duba ba. Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai yi don ya cuce mu ba. Da rani ya je, da rana, shi kaɗai.

To kai kada ka je da rani kaɗai. Kowane wuri cikin ukun nan, ka gan shi sau uku. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ka bi hanyar da ƙafa tun daga kwalta har ƙofar gidan, ka ga ko yarinya 'yar shekara shida za ta iya bi da kayan makaranta. Ka je da azahar a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka shiga ɗakin ka zauna rabin awa, ka ji abin da mai jego za ta ji. Sannan ka je bayan ƙarfe goma na dare, ka ajiye babur ɗinka, ka tsaya a bakin hanya kamar wanda ba shi da abin hawa, ka ga minti nawa za ka yi kafin ka samu kabu-kabu ko keke napep. Wannan na ukun shi ne babba a wurinka, don naƙuda ba ta duba agogo, kuma ba a ɗaukar mai naƙuda a bayan babur.

Yanzu mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na san su.

More zan fara da ita don maganarta gajera ce amma tana da nauyi. Wajen nan yana kan hanyar Kware da Illela, kusa da fadamar gulbin Rima. Wanda ya ga damanar 2010 bai manta ba. A watan Satumba na shekarar ruwa ya yi yawa a madatsar Goronyo, Rima ta cika ta batse, ta ci gonaki da ƙauyuka, har ta yanke gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba na cewa duk More fadama ce, akwai tudu mai kyau. Amma kafin ka sauke bulo ko ɗaya, ka nemi dattawan da suka noma wurin, ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a shekarar. Ƙasar fadama kuma laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani, ginin da ba a zurfafa tushensa ba yakan dare cikin 'yan shekaru. Sai magana ta biyu, wadda ta fi ruwa wuyar faɗa. Filin kawunka ne, ba naka ba. Yau yana raye, yana ƙaunarka, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ranar da ta Allah ta kasance, fili ya shiga gado, kuma ginin da ka zuba ƙarfinka a kai yana tsaye a kan haƙƙin magada. Na ga zumuncin shekara arba'in ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. In kyauta ya ba ka, ku zauna da manyan 'ya'yansa da shaidu a rubuta, a sa hannu. In aro ne, ka yi masa godiya mai yawa, ka bar filin.

Dambuwa na san abin da ya ja ka: fili naka na kanka, ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarshen shekara. Wannan buri ne mai kyau, kuma gari yana tafiya wajen nan da gaske. Hanyar Gusau tun daga barikin Giginya da Kwannawa duk ta cika da gine-gine, wuraren da muka sani gonakin gero yanzu unguwanni ne. Sai dai ka ce "bayan Dambuwa", kalmar bayan nan ita nake so ka auna. Nisa nawa ne daga kwalta? Gidaje nawa ne a kusa waɗanda akwai mutane a ciki, ba kangaye ba? Fuloti ɗari da aka kewaye da bulo layi uku ba unguwa ba ne. Unguwa ita ce inda za ka ji kiran salla daga masallacin da ke da mamu, inda akwai injin niƙa, da mai kemis, da makarantar Islamiyya, da tsohuwar da za a aika a kira in yaro ya shiɗe da dare. Malamai sukan ce a nemi maƙwabci kafin gida. A zamanin nan da tsaro ya zama abin da ya zama, har mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah suna baro gidajensu suna shigowa birni, ba zan ba ka shawarar ka zama gida na ƙarshe kafin daji ba, a kowace kusurwa ta garin nan. Ka tambayi mai unguwa ko akwai 'yan sintiri, da yadda ake biyansu, da ƙarfe nawa mutane ke rufe ƙofa.

Sannan ka dubi taswirar ranar maiɗakinka. Dambuwa tana wannan gefe, Farfaru tana wancan, a hanyar Birnin Kebbi. Za ta hau abin hawa biyu ko uku kafin ta isa aji, da ciki ko da goyo, bayan ta shirya yara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya zama wata haya ta biyu da mutane ke biya ba su sani ba. Ka ɗauki biro. A ce ita da yarinya suna kashe naira 1,500 a rana, wannan misali ne kawai, kai za ka sa adadin gaskiya. Kwana 22 a wata ya zama 33,000. A shekara 396,000. Ka ɗora man babur ɗinka, ka ɗora kuɗin jarkokin ruwa in babu famfo ko bohol a kusa. Sau da yawa in aka yi wannan lissafi sai a ga arahar fili mai nisa a titi take ƙarewa. Kuma abin da na fi jin tsoro, ba kuɗin ba ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na ga mata da yawa da suka bar karatu saura ƙiris, ba don an hana su ba, sai don hanya ta gajiyar da su. Saura mata shekara ɗaya. Kada nisa ya cinye mata ita.

In duk da haka zuciyarka tana kan filin, ka saya ka ajiye, amma sai ka bi takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce ta cewa ka biya kuɗi, ba ita ce takardar mallaka ba. Ka je Ma'aikatar Filaye da kanka, ba ta hannun dillalin da zai ci la'ada ba, a duba maka ko wurin yana cikin shatar gwamnati, ko hanya za ta bi ta kansa, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. In gona ce ta gado aka yanka, ka tabbatar duk magada sun yarda, mata da maza. Ka kuma tambayi masu gonakin gefe ko an taɓa sayar wa wani kafin kai. Sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ba sabon abu ba ne.

Arkilla kuwa nan nake zaune, don haka ka ɗauki maganata da sanin cewa ina da son wurin. Lokacin da muka dawo daga Mabera ana kirga gidajen layinmu da yatsu, yanzu in baƙo ya zo sai an fita an tarbo shi. A ƙarƙashin ƙaramar hukumar Wamakko take, kamar yadda Dambuwa ke ƙarƙashin Dange-Shuni, amma a zahiri ta haɗe da birni. Abin da ya sa na ga ta fi dacewa da ku a bana abu biyu ne. Farfaru tana kusa, hawa ɗaya ne. Asibitin koyarwa na Gawon Nama ma ba shi da nisa, kuma hanyar kwalta ce. Akwai makarantun boko da na Islamiyya da yaro zai je da ƙafa. Kai kuma da babur ɗinka sakatariya ba za ta gagare ka ba.

Tana da nata aibin. Haya ta yi tsada, kuma kullum ƙaruwa take. Hanyar Kalambaina ta manyan motoci ce, saboda kamfanin siminti da ke can tun shekarun 1960, tireloli suna kai da kawowa dare da rana. Kada ka kama gida a bakin wannan titi da yara ƙanana, ka shiga ciki layi uku ko huɗu. In a cikin yaranka akwai mai ciwon ƙirji ko yawan tari, ka nisanci ɓangaren da ya matsa kusa da kamfanin, don ƙura da hunturu in sun haɗu ba sa yi wa ƙirjin yaro daɗi. Ruwa kuma layi-layi ne. Wani layin famfo na zuwa, na bayansa sai kura. Kada ka tambayi mai gida ko dillali zancen ruwa da wuta. Ka sa maiɗakinka ta shiga gidan maƙwabta ta gaisa da matan gidan, ta tambaye su nawa suke sayen jarka a watan Afrilu, awa nawa ake samun wuta, in taransifoma ta lalace wa ke gyarawa kuma nawa ake karɓa a kowane gida. A zama ɗaya za su faɗa mata komai, har da halin mai gidan hayar.

Ga abin da zan yi da ni ce kai. In kama haya ta shekara ɗaya ko biyu a Arkilla ko Bado ko Gwiwa, duk inda kuɗina suka kai a wannan ɓangare, ɗaki biyu ya isa. Maiɗakinka ta haihu kusa da asibiti, ta ƙare karatunta. Sauran kuɗin in filin Dambuwa ya tsallake binciken takarda, a saye shi a kafa masa duwatsun iyaka, a riƙa zuwa ana dubawa, ana ganin yadda unguwar ke cika. Na san mutane za su ce maka haya asara ce. Hayar da ta ba ka damar sanin wuri kafin ka binne dukiyarka a cikinsa ba asara ba ce. Mai haya in ya ga ba daidai ba, kaya zai kwashe. Wanda ya gina sai haƙuri.

Abu ɗaya ya rage. Kuna barin gidan gado ne, inda in yaro ya yi kuka hannu goma ke miƙowa. Maiɗakinka za ta ji wannan rashi fiye da kai, musamman da jego. Tun yanzu ku yi shawara da mahaifiyarka da tata, a san wadda za ta zo ta zauna da ita har arba'in. Ka kuma sa wa ranka ranar Juma'a ta Ƙofar Rini ce, ka kwashe su ku je ku wuni, kada tsofaffi su ga kamar ka gudu. Bayan damina ka rubuto mini abin da ka gani a wuraren nan uku.

TAMBAYA

Inna, ina kwana? Maigidana ya samu aiki a Jami'ar Jihar Sakkwato, yana son mu koma wajen Kasarawa don ya yi kusa da wurin aiki. Ni kuwa a Gidan Igwai na tashi, nan mahaifiyata take, ba ta da lafiya sosai, kullum sai na leƙa ta. Ina kuma sayar da kayan ɗinki a gida, duk masu sayena 'yan unguwa ne. Ina jin nauyin in ce masa ba na so.

Ɗiyarki daga Gidan Igwai

AMSA

Lafiya lau ɗiyata, Allah ya ba mahaifiyarki lafiya. Ba sai kin ce ba kya so ba. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, yadda kika faɗe shi. Jinyar uwa ba son rai ba ne, kuma duk namijin da ya san darajar tasa uwar zai gane. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki fara da yi masa murnar aikin, sannan ki ce akwai abu biyu da kike so ku duba tare.

Shi ma yana da hujja. Hanyar filin jirgi da Bodinga doguwa ce ga wanda zai bi ta kullum daga Gidan Igwai, sai ya ratsa gari kafin ya kama ta, ga manyan motoci. Saboda haka kada ki tsaya a kan sai Gidan Igwai ko ba komai. Ku nemi tsakiya, unguwar da shi zai fita kai tsaye ba tare da ya shiga cunkoson kasuwa ba, ke kuma hawa ɗaya zai kai ki gidanku. In ya zama dole sai Kasarawa, ku yanke ranakun da za ki riƙa zuwa wurin mahaifiyarki, a sa kuɗin hawan a cikin kuɗin cefane tun farkon wata, don kada ya zama abin roƙo kowane mako. Ki kuma zauna da 'yan'uwanki ku raba kwanakin jinya.

Sana'arki kada ki bari ta mutu. Ki karɓi lambar wayar duk mai saye a wurinki tun yanzu, ki bar kaɗan daga cikin kayan a hannun wata amintacciya a unguwa. Sabuwar unguwa ma tana da teloli da amare, kuma sau da yawa babu mai sayar da zare da allura a kusa.

TAMBAYA

Inna, ni malamin makaranta ne a cikin gari, iyalina suna garinmu Kware, a gidanmu. Kullum nake zuwa in koma a motar haya. Abokai suna cewa in dawo da su birni. Yarana uku, duk suna firamare.

Wani malami daga Kware

AMSA

Malam, in iyalinka suna cikin kwanciyar hankali, da ruwa, da dangi, da gona, kuma yara suna karatu, ban ga abin da zai sa ka tumɓuke su don maganar abokai ba. Wahalar hanya kai kaɗai ke shanta, kuma ka saba. Abin da zan ce ka kula da shi biyu ne. Ka riƙa kama hanya da sauran rana, kada magariba ta same ka a tasha. Sannan ka ɗauki littafin babban yaronka ka sa shi ya karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi, Hausa da Turanci, kai malami ne za ka gane inda yake. In ya kai aji huɗu yana haɗa baƙi da ƙyar, to ka sake rubuto mini mu yi maganar makaranta.